Maganin Likita ko Zaman Zantawa: Wanne Ya Dace da Mai Larurar Ƙwaƙwalwa a Kaduna?

A yawancin gidajenmu na Kaduna, kafin a kai ga maganar asibiti an riga an sha wuya. An yi tofi, an sha rubutu, an yi hayaƙi, wasu sun kwana a coci ana addu'a, an ɓoye mara lafiya a ɗakin baya don kada maƙwabta su ji. Sai abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sannan wani cikin dangi ya ce a gwada asibiti. A nan kuma sabuwar gardama ke tashi. Yaya babba ya ce a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a ba shi magani. Ƙanwa, wadda ta ji bayani a rediyo ko a Facebook, ta ce ƙwayoyin nan suna mayar da mutum dolo, gara a nemo masanin halayyar ɗan Adam su riƙa zama suna magana. Kowannensu yana da gaskiya a wani wuri, kuma kowannensu zai iya cutar da mara lafiyar idan aka bi shawararsa a inda ba ta dace ba.

Mutum biyu ake magana a kansu, kuma aikinsu ya bambanta. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne. Ya yi karatun likitanci kamar sauran, sannan ya ƙara shekaru yana ƙwarewa a kan larurorin hankali. Yana duba jiki, yana tura mutum gwajin jini, yana rubuta magani, yana ba da gado. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti kuwa karatunsa a kan tunani da ɗabi'a ne, ya yi digiri na biyu da horo a asibiti, kuma a Najeriya ba ya rubuta magani. Kayan aikinsa zama ne da tambaya da saurare da koyar da dabaru. A gefensu akwai nas-nas da suka ƙware a wannan fanni da jami'an walwalar jama'a, waɗanda su ne suka fi kusa da iyali a yau da kullum. A cikin gari, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa shi ne babbar ƙofa, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, yanayin ciwon ne ke zaɓar hanya. Tsoron ƙwaya ko sha'awar abin zamani ba su da hurumi a nan.

Akwai halin da ba a jira. Mutum ya fara jin muryoyin da babu mai jin su, ya tsaya kai da fata cewa ana sa masa guba a abinci ko maƙwabta na bibiyarsa ta waya, maganarsa ta daina haɗuwa, ya daina wanka, ya kulle kansa. Wannan shi ne taɓin hankali mai tsanani, kuma nau'insa mafi daɗewa, wanda likitoci ke kira sikizofiriniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa yana kama kusan mutum 1 cikin 300. Mai wannan hali ba za a zaunar da shi a fahimtar da shi cewa muryoyin ba gaskiya ba ne, domin a kunnensa gaskiya ne. Magani ne ke kwantar da su. Tun 1952 da aka fara amfani da maganin da aka fi sani da Largactil aka samu hanyar da dubban mutane suka fita daga ɗakunan da aka kulle su suka koma gida. Yanzu akwai halofiridol da risfiridon da olanzafin da sauransu. Kuma jinkiri yana da tsada: yawan watannin da aka ɓata kafin a fara magani, yawan wahalar dawowar mutum yadda yake.

Haka abin yake ga wanda hankalinsa ke hawa da sauka. Ya yi kwanaki ba ya barci kuma ba ya jin gajiya, surutu ba tsayawa, ya raba jarinsa a kasuwa, ya ce an ba shi wani babban muƙami, ga saurin faɗa. Bayan wani lokaci ya faɗa cikin baƙin cikin da ko tashi daga gado ba ya iyawa. Wannan larura magungunan daidaita yanayi take buƙata, irin su litiyam da balfurowet. A nan akwai tarko da ya kamata iyali su sani: idan aka ga mutum lokacin da yake ƙasa kawai aka ba shi maganin ciwon damuwa shi kaɗai, maganin na iya tayar da ɗaya ɓangaren. Don haka wajibi ne a faɗa wa likita idan an taɓa ganin irin wancan tashin, ko da shekarun baya ne, ko da a lokacin an ɗauka iskoki ne.

Mai jego ma tana cikin waɗanda ba a jira da su. Idan a makonni biyun farko bayan haihuwa ta rikice, ta daina barci, tana maganganun da ba su da kan gado, ko ta ce jaririn ba nata ba ne, ranar ya kamata ta ga likita. Abin yana faruwa ga kusan mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 da suka haihu, kuma yana warkewa sosai da magani. Abin takaici, a gidajenmu an fi cewa ta gamu ne a banɗaki, a ci gaba da turare har sai an yi asarar rai. Wanda ya furta cewa ya gaji da duniya, ya fara sallama da mutane ko ya tanadi abin da zai cutar da kansa, shi ma kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da igiya da tarin magunguna, a nufi sashen gaggawa. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma ita ce ke buɗe bakinsa.

Sai kuma wanda ya rikice farat ɗaya, musamman dattijo, ga zazzaɓi ko ciwon suga ko bayan faɗuwa. Wannan asibitin gama-gari mafi kusa za a fara kai shi, domin zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da taifot da sanƙarau da matsalar ƙoda duk suna rikita hankali. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa nake ganin duk inda aka yi shakka, a fara da likita. Ko ciwon damuwa da faɗuwar gaba wani lokaci tushensu matsalar maƙoƙo ce ko ƙarancin jini, kuma zama ɗari ba zai gano abin da gwajin jini ɗaya zai nuna ba.

To amma akwai ɓangare mai faɗi da zantawa ce kan gaba, kuma a nan ne Kaduna ta fi buƙata, ta kuma fi rashi. Jihar nan ta ga abin da ta gani. Ɗaliban Afaka da aka sace a watan Maris na 2021, harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022, yaran Kuriga a 2024, ga waɗanda aka ɗauka a hanyar Birnin Gwari da ƙauyukan kudancin jihar da ba a ji sunansu a labarai ba. Mutum ya dawo daga daji, an yi barka, an yi sauka, kowa ya watse. Bayan wata biyu yana farkawa cikin dare jiƙe da gumi, ƙarar babur na sa shi neman wurin ɓuya, ya daina bin hanyar da aka tare su, ya zama mai saurin fushi da matarsa da 'ya'yansa. Idan irin wannan ya wuce wata guda yana hana mutum rayuwa, firgicin bayan tashin hankali ne, kuma maganin da ya fi ƙarfin hujja a kansa shi ne zama da ƙwararre wanda zai bi da mutum ta cikin abin da ya faru a hankali, mataki-mataki, har tunanin ya daina zuwa masa kamar yanzu abin ke faruwa. Ƙwaya na iya taimakawa, amma a matsayi na biyu take. Abin da aka fi yi a nan, wato a je kemis a karɓo Valium don a samu barci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa ga wanda ya fito daga tashin hankali, domin ba ya warkar da firgicin kuma jiki na sabawa da shi cikin 'yan makonni.

Waswasi ma haka. Kusan kowane masallaci akwai wanda zai yi alwala sau biyar yana jin ba ta yi ba, ya tayar da kabbara ya sake, ya wanke tufa har hannu ya tsage saboda tsoron najasa. Wasu kuma munanan tunani ne game da addini ke faɗo musu, suna kuka a ɓoye suna zaton sun kafirta. Maganin zantawa a nan horo ne: a bar mutum ya fuskanci shakkar, ya yi alwala sau ɗaya, ya daure wa ƙuncin da zai biyo baya ba tare da ya maimaita ba, har ƙuncin ya sauka da kansa. Abin sha'awa, malaman fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure sun daɗe da cewa wanda shakka ta aure shi ya yi watsi da ita, kada ya biye mata. Idan malami da masani suka faɗa wa mutum magana ɗaya, ya fi samun ƙarfin yin abin. A waswasi mai tsanani ana haɗawa da magani, kuma yakan ɗauki makonni har 12 kafin a ga cikakken aikinsa.

Ga kuma mai faɗuwar gaba, wanda zuciyarsa kan buga ba zato, numfashi ya sarƙe, ya tabbata mutuwa ce ta zo. Ya yi gwajin zuciya a wuri uku an ce lafiya lau. Shi ma zama kaɗan da wanda ya san aikin na iya sauya masa rayuwa.

Ciwon damuwa ne ke tsakiya, kuma a kansa aka fi ruɗewa. Yana kama kusan kashi 5 cikin 100 na manya a duniya, mata sun fi maza. Mu kuma ba kasafai muke zuwa asibiti mu ce muna baƙin ciki ba. Cewa muke yi kaina na zafi, jikina ya mutu, wani abu na yi mini yawo a jiki, ba na barci. A sha maganin maleriya, a sha na taifot, a ƙara ruwa, abu na nan. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, abinci ya fita ransa, yana ganin kansa ba shi da amfani, to a yi tunanin wannan ciwo. Matsayinsa ne ke raba hanya. Idan mai sauƙi ne, mutum na zuwa aiki ko kasuwa duk da nauyin da yake ji, zantawa ta isa a fara da ita, kuma ba a so a yi gaggawar ba shi ƙwaya. Idan matsakaici ne, bincike ya nuna hanyoyin biyu na kusa da juna wajen amfani, sai a duba wadda mutum zai iya bi har ƙarshe. Idan ya yi tsanani, ya daina ci, ya daina magana, ya kwanta, magani ne farko, domin wanda ba ya iya ɗaga kai ba zai iya aikin da zaman ke nema ba. Haɗa biyun ya fi kowanne shi kaɗai a matsakaici da mai tsanani. Akwai kuma fifiko ɗaya da zantawa ke da shi wanda ba a cika faɗa ba: dabarun da mutum ya koya suna zama tare da shi bayan an gama, don haka ciwon bai cika saurin dawowa ba kamar yadda yake yi wa wanda ya ajiye ƙwaya da wuri.

Yanzu bari mu dubi abin da mutum zai tarar a kowace hanya, domin a nan ne mutane ke karaya su bari.

Maganin ciwon damuwa, ko tsohon nan amitiriftilin ko sababbi irin fulokzetin, ba ya aiki kamar Panadol. Sai an yi mako 2 zuwa 4, wani lokaci 6, kafin a ji sauƙi, alhali illolinsa, irin bushewar baki da jiri da tashin zuciya, su ne ke fara zuwa. Mutane da yawa a mako na biyu suke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. Bayan an ji sauƙi kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6. Waɗannan magunguna ba sa sa maye kuma ba a kamuwa da su irin kamun tiramol, amma ba a yanke su rana ɗaya, a hankali likita ke ragewa. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 ana sa musu ido sosai a makonnin farko, domin tunanin cutar da kai na iya ƙaruwa kafin sauƙi ya zo. Amitiriftilin yana da arha, amma yana da haɗari idan aka sha da yawa, saboda haka a gidan da ake fargabar mutum zai cutar da kansa, wani ne zai riƙe maganin.

Maganar cewa ƙwaya na mayar da mutum dolo ba daga sama ta faɗo ba, kuma bai kamata a raina masu faɗinta ba. Tsofaffin magungunan taɓin hankali suna sa sanƙarewar jiki da rawar hannu da dalalar miyau da tafiya a sandare, musamman idan adadin ya yi yawa. Sababbin sun rage wannan, amma olanzafin na sa ƙiba da ci da yawa, yana kuma iya tayar da suga. Wasu na taɓa al'adar mata, wasu na rage wa namiji kuzari, abin da ke sa magidanta da dama su daina sha a ɓoye ba tare da sun gaya wa kowa dalili ba. Duk waɗannan ana iya gyara su ta rage adadi ko sauya magani, muddin an faɗa. Likita ba zai san abin da kunya ta hana a gaya masa ba. Ga wanda ke mantawa ko yake ƙin haɗiya, akwai allura irin Modecate da ake yi bayan mako 2 zuwa 4, kuma ta ceci gidaje da yawa daga rigimar kullum. Bayan tashin farko na taɓin hankali, akan ci gaba da magani shekara 1 zuwa 2 ko da mutum ya koma daidai, kuma dainawa da wuri ita ce babbar hanyar da ciwon ke dawowa.

Abu biyu na musamman ga mutanenmu. Mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ta faɗa tun farko, domin balfurowet na iya yi wa ɗan tayi mummunan lahani, kuma kada ta daina wani magani da kanta don ta ga ciki. Sai azumi: mai shan litiyam yana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci, kuma ƙishirwa mai tsanani irin ta watan Maris da Afrilu na iya sa maganin ya taru a jini ya zama guba. A je a tattauna tun cikin Sha'aban, a ji ko za a mayar da lokutan sha zuwa sahur da buɗa-baki ko kuwa lalurar ta kai a ɗauki rangwamen da addini ya bayar.

Zaman zantawa kuma ba hira ba ce, ba kuma nasiha ba. Wanda aka fi yi shi ne na gyaran tunani da ɗabi'a, wanda wani likita ɗan Amurka, Aaron Beck, ya gina a shekarun 1960. Akan zauna kusan awa ɗaya, galibi sau ɗaya a mako, na tsawon zama 8 zuwa 20. Ana bin tunanin da ke zuwa wa mutum, misali bazawarar da ta yanke cewa ita ba ta da sauran daraja tunda aurenta ya mutu, a auna shi da hujja, a ga inda ya wuce gona da iri. Ana ba da aikin gida: rubuta abin da ya faru, koma zuwa islamiyya ko da sau ɗaya a mako, ziyarci 'yar uwa. Wanda ke jiran a yi masa wani abu yana kwance ba zai ji daɗin wannan hanya ba. Kuma tana da zafinta, domin makonnin farko na taɓo abin da aka binne na iya ƙara wa mutum nauyi kafin ya sauka.

Kunya babban shinge ce a nan. An tarbiyyantar da mu cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sirrin gida ba ya fita. Matar aure ba za ta saki jiki ta faɗa wa namiji baƙo abin da ke tsakaninta da maigida ba, balle idan maigidan na zaune a gefe ko uwar miji na bakin ƙofa. Haƙƙinta ne ta nemi mace idan akwai, ta kuma nemi a bar ta ita kaɗai. Harshe ma haka. Magani yana aiki ko da tafinta aka yi bayani, zantawa kuwa idan ba da harshen da mutum ke kuka da shi aka yi ta ba, rabin amfaninta ya zube. A tambaya tun farko ko mai zaman yana jin Hausa sosai.

Ta fuskar aljihu, lissafin ya danganta da inda mutum yake. Mai shan magani, idan ya daidaita, zuwa wata-wata ne ko ma fiye, sai kuɗin ƙwaya, kuma tsofaffin magunguna sun fi sababbi arha nesa ba kusa ba. Amma abu ne na watanni ko shekaru. Mai zantawa zuwa mako-mako ne na 'yan watanni, sannan a gama. Ga wanda ke Tudun Wada ko Kakuri ko Sabon Tasha, wannan mai yiwuwa ne. Ga wanda zai taso daga Birnin Gwari ko Kafanchan ko Saminaka, kuɗin mota da ranar aikin da zai rasa kowane mako sun isa su kashe shirin a zama na uku. Irin wannan mutum, idan ciwonsa matsakaici ne, ba laifi ba ne ya zaɓi magani, ko ya tambaya ko za a iya yin wasu zaman ta waya. Mai katin inshorar lafiya, na tarayya ko na hukumar KADCHMA ta jiha, ya tambaya a asibitinsa abin da katin ya ɗauke kafin ya fara biya.

Ƙarancin ma'aikata kuma gaskiya ce da ba a ɓoye ta. Ƙiyasin da ake yawan ambata shi ne likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200, wasu kuma na ficewa waje. Sakamakon haka layi na da tsawo, likita na da mintuna kaɗan, kuma abin da ya fi sauƙi a mintuna kaɗan shi ne rubuta magani. Shi ya sa nake ba da shawara mutum ya buɗe baki ya ce, "Likita, ko akwai wanda zan riƙa zama da shi bayan maganin nan?" Sau da yawa sashen yana nan, ba a tura mutum ba ne kawai saboda bai tambaya ba. Akwai kuma abin ƙarfafa gwiwa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane waɗannan larurori su kula da su. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama 6 kacal, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna an samu sauƙi sosai. Muna da irin waɗannan iyaye mata a kowace unguwa. Horo ne ya rage. Sai dai a yi hattara da masu tallata kansu a intanet a matsayin masu ba da shawara. A tambayi mutum inda ya yi karatu da asibitin da ya yi horo. Duk wanda ya ce a ajiye maganin likita a dawo wurinsa, a guje shi.

Shaye-shaye na buƙatar hanyoyin biyu a jere. Binciken ƙasa na 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, kuma a 2018 ɗin ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Wanda jikinsa ya saba da tiramol ko Valium ko giya, yankewa rana ɗaya na iya jawo jijjiga, don haka kwanakin farko aikin likita ne. Amma fitar da ƙwaya daga jini shi ne ɓangare mai sauƙi. Abin da ke hana komawa shi ne zama na watanni, sauya abokai, samun sana'a, da iyalin da suka koyi yadda za su taimaka ba tare da gori ba.

Ba na cikin masu cewa a bar addu'a. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma babu abin da ya hana a yi ruƙya da safe a sha magani da dare. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna haka a Aro ta Abekuta, inda ya zaunar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Inda na ja layi shi ne duka da yunwa da sa mari a ƙafa. Mutanen Kaduna ba su manta watan Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da maza da yara sama da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya, saboda ba su san wata ƙofa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa mai wannan larura yana da haƙƙin a mutunta shi, a riƙe sirrinsa, a yi masa bayanin abin da ake ba shi, a kuma ji ta bakinsa.

Iyali ma wani ɓangare ne na maganin, ko da wace hanya aka bi. An tabbatar cewa mai taɓin hankali da ya koma gidan da ake yawan yi masa faɗa da gori da sa ido fiye da kima ya fi saurin sake tashi, kuma zaman da ake yi da dangi ana koya musu ciwon yana rage hakan. Wannan zantawa ce, amma ga masu jinya. Ko a ciwon da magani ne ginshiƙinsa, wannan zama ya cancanci a neme shi.

Ranar zuwan farko, a tafi da wanda ya fi sanin yadda abin ya fara, a ɗauki duk ƙwayoyi da jiƙe-jiƙen da aka sha, har da na kemis da na mai magani, a kuma faɗi gaskiya kan wiwi ko tiramol idan akwai. Kafin a fito a tabbatar an ji amsar waɗannan: mene ne sunan ciwon, yaushe za a fara ganin sauƙi, wace illa ce za a daure wa kuma wacce ce za a dawo da gaggawa a kanta, har yaushe za a sha, kuma wa za a gani don zama. A rubuta ranar dawowa a inda kowa a gidan zai gan ta, a kuma sa mutum ɗaya ya ɗauki nauyin sayen magani kwana biyu ko uku kafin na hannu ya ƙare.